Lungun Shagon Alhaji Garuba

"Goge shi, ko in rotsa wannan banzar da ƙasa!"

Alhaji Garuba ya ɗaga kyamarar Sahada sama da kansa. Da kyamarar nan kaɗai take sana'a, amma ba ta bari ya ga tsoro a fuskarta ba.

"Kawu, hoto ya riga ya zaga. Kai ka ce in watsa a waya, kowa ya ga shagonka."

"Gaban shago na ce! Wa ya aike ki lungu?"

Ta taɓe baki. Ji mutumin da jiya ya hana ta kunna fitila, wai haske na kashe launin atamfa. Shago kamar kabari, mai saye ma sai ya laluba. Da ta kafa kyamarar kan ƙafafunta uku, ta bar idon kyamarar buɗe yana tsotsar ɗan hasken ƙofa, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. "'Yan lakwal, 'yan boko! Hoto a duhu? Aljanu za ki ɗauka?" Ta ɗauki hoton hasken ƙofa daban, na tsakiya daban, ta ja dogo don duhun, ta haɗe su wuri guda. Sai ga lungun ya fito tas: dilolin atamfa jibge har rufi, kowanne da tambarin jan tauraro. Duk unguwar Zango kuwa an san wannan ba tambarinsa ba ne.

"Ni ban ajiye komai a lungun nan ba, Kawu. Kai mai wa'azin amana a majalisa, kai ka san abin da ke ciki."

"Marar kunya! Ni za ki..."

Babur ya ci birki a ƙofa. Wata doguwar mata ta sauko, waya a hannu, ta shigo ba sallama. Alhaji ya sauke hannunsa. Sahada ta zare kyamararta, ta rungume.

Matar ta wuce lungu kai tsaye, ta haska, ta shafa jan tauraron.

"Dilolina da suka ɓace a kasuwar Assigamé," ta ce da Hausar kasuwa. "Wa ya ɗauki hoton nan?"

Sahada ta fara ja da baya. Matar ta tare ƙofa.

"Ke ce? Zauna, 'yata. Ƙanena na hanya. Jandarma ne, zai so ya ji yadda kika san lungun."