Guntun Cibiyar Ɗan Hadiza

Inuwa ya kwance ledar a bakin ƙofar asibitin don ya tabbatar ba ta wani aka ba shi ba. Mabiyiyar ɗansa ce, wadda Inna, mahaifiyar Inuwa, ke jira ta wanke ta binne a gida, a Gyaɗi-Gyaɗi. Sai ya ga igiyar cibiyar dungulmi. An datse fiye da rabinta.

Tuƙin adaidaita sahu ya sanar da shi duk abin da ake yi da sassan jikin mutum, domin fasinja ba ya rasa labari.

"Sista, ina sauran?" ya tambayi nas ɗin da ta ba shi.

"Yana ɗakin bincike, wajen Dakta Motunrayo. Ai matarka Hadiza ce ta yarda."

Ko sallama bai yi ba ya faɗa ɗakin. Likitar, haihuwar Unguwa Uku, ta tare shi da Hausar da ta fi tasa tsabta. A gabanta ga ƙananan kofunan gilashi da ruwan ɗumi, kowanne da ɗan zoben tsoka kamar ƙwayar shinkafa, rataye a siririyar waya.

"Malam Inuwa, ga jijiyar jini daga cibiyar ɗanka. Waccan ta wani jariri ce. Duba allon nan."

Ta ɗiga magani a kofunan biyu. A allon, layin waccan ya gangara ƙasa. Na ɗansa ya ɗan motsa, ya tsaya.

"Innalillahi! Motsi take? Da ranta?"

"Za ta kai la'asar. Maganin nan yana sa jijiya ta saki, jini ya wuce. Waccan uwar ba ta da hawan jini, ka ga tata ta saki. Hadiza tana da shi, ta ɗanka ta ƙi. Wataƙila shi ya sa ya zo ƙarami. Dalilin muke nema."

"Likita, ba ni abata. Mu ba ma binne ta guntu-guntu."

"Yanzu sai in kwance maka. Amma Hadiza ta ce mini, ɗan da ta rasa bara, har yau ba wanda ya gaya mata abin da ya kashe shi."

Wancan kam cikakke aka binne shi, da mabiyiyarsa da komai, ba abin da ya yi ciwon kai. Inuwa ya daɗe yana kallon layin da ya ƙi sauka, sannan ya ƙulle ledarsa ya fita, ya bar mata sauran.

A gida Inna ta riga ta haƙa rami. Ta wanke mabiyiyar, ta ɗaga igiyar da yatsu biyu, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Tunda nake ban taɓa ganin gajeriya haka ba. Wannan yaro ba zai yi nisa da gida ba."

"Allah ya sa, Inna," in ji Inuwa, ya miƙa mata fartanya.