Ƙurajen Saiwar Toromiro

Uku daga cikin dashen itacen toromiro huɗu da aka ba Evaristo Teao ajiya sun mutu cikin mako guda. Jikarsa Merahi, wadda ta kai masa su da hannunta, ita ta tabbatar da mutuwar na ukun ranar Talata da hantsi, a bayan gidansa da ke gefen garin Hanga Roa, a wani tsibiri can tsakiyar teku. Ta kankare ɓawon da farce, ta ga ciki ya bushe.

Toromiro ba ya fitowa da kansa a ko'ina cikin tsibirin. Na ƙarshe yana ramin dutsen Rano Kau, ya kuma ƙare tun Evaristo yana saurayi. Abin da ya rage jikokin wannan itacen ne, a lambunan ƙasashen waje. An sha dawo da su gida suna mutuwa. Waɗannan huɗun sun kai shekara biyu a lambun reno inda Merahi take aiki, kuma ita ta yi ta roƙo har aka yarda a dasa su a manavai ɗin kakanta, zagayen duwatsun nan mai tare iska da dawaki. Hujjarta ita ce tsohon yana cikin 'yan kaɗan da suka ga itacen a tsaye. Shekara sittin yana sassaƙa, bai taɓa samun ko reshensa ba.

Yana zaune a kan dutse yana kallonta.

"Koro, me kake ba su?" in ji ta, yadda ake kiran dattijo a tsibirin.

"Ruwa."

"Na teku?"

"Ke mai takarda, sai ki gaya mini. Ni dankali na sani."

Ta sa hannu ta tono mataccen. Ƙasar da ta biyo yatsunta baƙa ce mai danshi, ba wadda ta zo da su a ciki ba. Saiwar kuwa fara tas, sumul, kamar an goge ta.

"Ina ƙasarsu?"

"Na zubar. Ƙasar baƙi ce. Doki na hau har Rano Kau, na ciko buhu biyu daga inda uwarsu ta tsaya. Gwiwata har yau ba ta yafe mini ba."

"Saiwar fa, wa ya taɓa ta?"

Ya gyara zama. Da alama tambayar da yake jira ke nan.

"Ni. Ku da kuke sa farar riga ba ku duba ƙasa. Duk ƙuraje ne a jikinta, irin na dankali mai ciwo. Kwana biyu na yi ina cire su da bakin wuƙa, ɗaya bayan ɗaya. Duba da kyau, ko jijiya ɗaya na yanke?"

Ta duba. Bai yanke ba. Ba ta taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

"Suna ina?"

"Na ƙona. Wa yake ajiye ciwo kusa da gona?"

Merahi ta zauna a ƙasa. Ta yi masa bayani a hankali, ba tare da ta kalle shi ba. Ƙurajen ba ciwo ba ne. Wasu ƙananan halittu ne suke zama a ciki suna ciyar da itacen. Da itacen ya ƙare, su ma suka ɓace daga ƙasar tsibirin, shi ya sa duk dashen da aka kawo yake mutuwa da yunwa. Shekaru aka yi ana gwadawa kafin su kama a saiwar waɗannan huɗun.

Evaristo ya dubi farar saiwar da ta tono.

"Kin ce kofi biyu na ruwa," in ji shi. "Kin ce kada doki ya shiga."

"Haka na ce, Koro."

Iyakar abin da ta gaya masa ke nan. Ta ma rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, ta manna a ƙofar kicin. Bai zo mata a rai ba cewa manomi zai juya tukunya ya duba saiwa, alhali tun tana yarinya take ganinsa yana yin haka da kowane dashe.

"A lambunku akwai wasu?"

"Masu ƙuraje, babu. In an fara yau, shekara biyu."

Shekararsa tamanin da uku. Babu wanda ya ambata.

Ta juya ga na huɗun, a jikin bangon gabas. Tsayinsa bai wuce gwiwarta ba.

"Wannan fa? Ka gama da shi?"

"Shi na yi a ƙarshe. Ruwan sama ya sauko, na mayar da shi da sauri." Ya murza goshi. "Rabinsu na cire, ina ji. Ko na gama. Ban riƙe ba, 'yata."

Hanya ɗaya ce ta sani, a tono a gani. Tono na biyu cikin wata guda kuwa zai iya kashe shi ko da ƙurajen suna nan. Ta zuba masa kofi biyu, ta ƙirga ganyen, ta rubuta a bayan hannunta: tara.

Ranar Laraba ma tara ne. Biyu na ƙasa sun fara yin rawaya.