Ƙwayoyin Auta

Ranar da aka yi wa Auta tiyatar afendis, babanta Mai Kaji ya kasa zama. Yarinyar shekararta bakwai, kuma abin ya riga ya fashe a ciki kafin a kawo ta. Da likita ta fito ta ce aiki ya yi kyau, sai ta ƙara da cewa sun ɗebi mugunya sun aika ɗakin gwaji.

"Za a zuba a faranti, a sa a akwati mai ɗumi, ƙwayoyin cutar su girma. Daga nan mu ga maganin da ya fi kashe su. Kafin nan mun fara mata da wanda muka saba."

Mai Kaji ya gyara tsayuwa. Akwati mai ɗumi! Ai sana'arsa ce.

"Likita, injin ƙyanƙyasa ke nan. Ana dai juya su safe da yamma ko?"

"Ba a juya su, Malam."

Ransa dai bai kwanta ba. Washegari da sassafe ya je tagar ɗakin gwaji ya yi sallama. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta leƙo.

"Malama, na zo duba namu ne. Sun ƙyanƙyashe?"

Da ta gane shi ne baban yarinyar gado na ƙarshe, ta ce sun fara fitowa. Ya tambayi abin da suke ci. Ta ce akwai abincinsu a farantin. Ya ce idan ya ƙare kar ta ji nauyi, yana da dusa buhu guda a gida. Ta rufe tagar a hankali.

A ɗaki kuwa zazzaɓin Auta ya ƙi sauka. Mamanta na zaune da tsumma tana goga mata goshi, idanunta sun kumbura. Shi kuwa idan ya taɓa hannun yarinyar ya ji zafin, sai ya fice ya koma tagar, don can ne kawai yake jin yana yin wani abu.

Sakamako ya fito. Likita ta zo da hoton farantin a waya. Ga ƙwayoyin sun cika shi kamar tsatsa, ga wasu fararen ɗigo-ɗigo na magani. Ta nuna ɗaya.

"Wannan muke ba ta, kun ga sun zagaye shi ko a jikinsu. Wannan ma haka. Amma dubi nan, ko kusa ba su iya zuwa ba. Shi za mu koma yanzu."

Mai Kaji ya ƙura wa hoton ido, fuskarsa ta washe.

"Magani biyu suka kayar? Namu? Kai, jinin gidanmu ba wasa!"

"Baban Auta," in ji matarsa, "waɗannan ne fa suka kusa kashe maka 'ya."

"Na sani. Amma ki duba ƙoƙari."

Ta jefe shi da tsumman.

Aka sauya maganin a ƙarin ruwa. Kafin a kwana biyu Auta ta tashi zaune tana neman shayi, har tana yi wa nas gwalo. Mai Kaji ya juya baya ya share ido da hannun riga, ya ce fanka ce ta watsa masa ƙura.

Ranar sallama ya ɗauki kwali ya nufi tagar, wai a ba shi farantin tunda kayansu ne. Ma'aikaciyar ta ce tun jiya aka ƙone shi. Ya dawo jiki a sanyaye ya zauna bakin gado.

"Ko sallama ba mu yi ba," ya ce.

Auta ta fashe da dariya, ta dafe ɗinkinta. "Wayyo Baba, ka daina, zai farke!"

Nas ta kore shi waje, ta ce ya jira su a bakin ƙofa da jakunkuna.