Gadar da Mai Agogo Ya Hana Ni Hayewa

Ina shiga na tarar an kwantar da Mai Agogo kusa da taga, 'yarsa nas tana gyara masa filo. Ban ko gaishe su ba, na ce na zo a ba ni haƙƙina.

"Inna, Baba fa ba shi da lafiya," in ji ta.

Na ce ai shi ya sa na yi sauri.

Mai Agogo maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Ni guga nake yi, shi gyaran agogo, har idonsa ya daina ganin ƙananan haƙoran ciki. Teburin da ke tsakiyar ɗakinsa nawa ne, babban teburin gugata. Ya ara da sunan kwana biyu tun 'yar nan tana makaranta, ya shimfiɗa wani wasan yaƙi a kai: taswira mai kogi da duwatsu da birane, sojojin katako, dawakai, amalanke, da katunan da ake zara a ga ko ruwa za a yi ko rana. Da na je karɓar kayana ya ce in ɗan riƙe masa jajayen soja kafin shayi ya tafasa. Zaman ke nan.

Ban taɓa shiga aji ba. Da baki ya koya mini dokokin, don littafinsu gara ta daɗe da cinye shi. Dokokin nan kuwa ba sa ƙarewa. Soja sai ya ci abinci, abinci sai amalanke ta kawo, amalanke ba ta hawa dutse. Umarni ba ya isa sai ɗan aike ya kai, ɗan aiken ma ana iya kama shi a hanya. Duk ranar da na kusa cinye shi sai ya gyara tabarau ya ce, "Maƙwabciya, akwai wata doka." Shekara da shekaru ban taɓa cin mutumin nan ko sau ɗaya ba.

A wasanmu na ƙarshe na ritsa shi. Na cinye gonakinsa, na kewaye birninsa, saura gada ɗaya in haye. Na ɗaga dokina, sai ya gyara tabarau. Wai gadar ta katako ce, an yi ruwa, kogi ya cika, amalanke mai kaya ba za ta hau ba, dawakai kuma ba sa yaƙi babu ciyawa a bayansu. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, yanzun nan ya ƙirƙiro ta. Na buga ƙofa na fita, muka daina gaisawa. Daga baya na fara jin tarinsa ta bango, har ya kai ba ya iya miƙewa.

Abin da ya dawo da ni ranar nan shi ne surukinsa, mijin nas, mai gyaran waya. Shi ya faɗa mini a bakin famfo cewa wasan tsoho yanzu yana cikin kwamfuta, ita ke hukunci. Na ce madalla, inji ba ɗan'uwan kowa ba ne.

Nas ta so hanawa, amma Mai Agogo ya ɗaga hannu ya ce a bar ni, in ba haka ba har kabari zan bi shi da ƙara. Surukin ya ɗora kwamfuta a kujera, ya jera sojojin ciki yadda suke a tebur, ya nuna mini inda zan danna. Na danna. Dawakaina suka haye gada a guje, birni ya kama da wuta, aka buga ganga, wani rubutu ya fito.

"Kin ci, Inna," in ji surukin.

Na juya ga gado na ce to, gani ya kori ji, sai ya faɗi gaskiya tun yana da baki. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya tambayi surukin ina ruwan sama. Babu. Ɗan aike fa? Babu. Amalanke? Surukin ya sosa ƙeya ya ce masu wasan sun rage abubuwa da yawa, don a mota ake buga shi yanzu, mutane ba su da haƙurin ciyar da doki.

Sai tsohon ya rufe ido. Daga inda yake kwance ba ya hango teburin, ko ya hango ma ba gani yake ba. Amma ya fara faɗar abin da ke kai. Jan soja mai karyayyen mashi yana bayan dutsen arewa, abincinsa ya kusa ƙarewa. Ɗan aikena yana cikin kurmi, bai isa ba tukuna. Ya faɗi katin ruwan da aka zara da wanda ya gabace shi, ya faɗi nauyin kayan kowace amalanke, da dalilin da kogi ke cika a ƙasa kafin ya janye a sama. Surukin yana bin teburin da yatsa, bai same shi da kuskure ko ɗaya ba. Mutumin da ba ya iya riƙe kofin ruwa, ashe ƙasa guda yake ɗauke da ita a ka, da koginta da yunwarta da damunarta, kowane abu yana juya ɗan'uwansa kamar cikin agogo.

Ya buɗe ido ya ce, "In kin yarda da inji, kin ci, ki ɗauki teburinki. In kin yarda da ni, da sauran wasa."

Na dubi kwamfutar, birni yana ta ci, gangar nan ita ce dai ake ta maimaitawa. Na ce a kashe abin nan, ya cika mini kunne. Na jawo kujerata. Na kuma shaida wa kowa a ɗakin cewa ban janye ƙarata ba.

Haka muka yi kwanakin da suka rage. Da hantsi in na gama guga sai in shigo. Shi ya faɗa, ni in motsa sojojinsa da nawa. Sau ɗaya na gwada matsar masa da doki gida ɗaya baya, ya ce, "Mayar da shi, ɓarauniya," alhali idonsa a rufe. Dokokin da bai taɓa faɗa ba ya riƙa zubo su, har na ce ashe rowa yake mini. Ya ce a'a, doka ba ta shiga kai sai ranar da ta ciji mutum. Katin rana ya fito, ya sake fitowa, kogi ya janye. Amalankena suka isa bakin gada da ciyawa maƙil. Ya ce yanzu kam babu dokar da za ta hana ni, sai dai shi ke da wasa.

Na ce to yi maza. Ya ce yana tunani. Muryar ta yi ƙasa sosai, nas ta matso ta riƙe hannunsa. Ni kuma na ce surukinsa ya gaya mini a kwamfuta in mutum ya tashi daga wasa abokinsa ya ci. A tebur fa?

Ya lalubi tabarau a fuskarsa, babu su. Ya ce, "Maƙwabciya, akwai wata doka. In mai wasa ya tashi, jiransa ake yi."

Kafin rana ta take ya cika. Agogunan da ke bango suka ci gaba da aikinsu.

Ku duba mini wannan zalunci. Ya ara mini tebur, ya hana ni gada, da gada ta buɗe ya tafi da wasa a hannunsa. Wa zan kai wa ƙara?

Da aka zo kwashe ɗakin nas ta kawo kwali za ta zube sojojin a ciki. Na ce hannun da ya taɓa su zai san ni. Na sa surukin da masu ɗaukar kaya suka ɗaga teburin a miƙe, ina gabansu ina zagi, suka fita da shi ta ƙofarsa suka shiga tawa, ko soja ɗaya bai faɗi ba.

Teburina ya dawo, amma har yau a ƙasa nake guga, kan tsohon bargo. Na rufe taswirar da farin zanen gado saboda ƙura. Da hantsi nakan ɗaga gefensa. Rana tana sauka kan kogin, jajayen dawakaina suna tsaye a bakin gada, ciyawarsu a bayansu.