Dutsen da Babu Mai Shi

Ruwa ake tun safe, shi ya sa mu uku ne kawai a ɗakin wasan go na Malam Kuribayashi, a saman shagon mai tofu, wato awara: ni, ƙawata Tokiko, da shi. Go wani irin dara ne da ake yi da baƙaƙe da fararen duwatsu a kan allo. Bayan ritaya muka fara koyo, kuma kullum ni ke cin ta. Ranar ita ta ci ni.

"A kawo miki shayi ki haɗiye haushi?" in ji ta, tana dariya.

Malam ya jawo wani allo. Al'adarsa ce ya sake jera wasa da ka, yana nuna mana inda muka yi wauta.

"Ke Fumie, kin cika laɓewa a kusurwa. Ke kuma Tokiko, duk inda ta sa sai ki bi ta. Ki riƙa ɗaga kai ki dubi allon duka."

Ya jera har ƙarshe, sai ya tsaya. Ya dubi allonsa, ya dubi namu. A namu akwai baƙin dutse a tsakiya wanda babu shi a nasa. Shi ne ya raba fararen duwatsuna ya kashe su.

"Tokiko, yaushe kika sa wannan?"

"Ni? Ban sa ba, Malam. Ai tsoron tsakiya nake."

"Baƙi dai naki ne," na ce.

Muka sake bi tun daga farko. Baƙi sannan fari, babu inda aka tsallake. Wannan kaɗai ba shi da gurbi. Malam kuwa bai tashi daga gabanmu ba tun da muka fara.

Na ce ƙila faɗowa ya yi daga hannun riga. Ya girgiza kai.

"Dutsen da ya faɗo ba ya zaɓen wuri. Ni kaina ban hango nan ba."

Tokiko ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, ta janye da sauri.

"Da ɗumi," ta ce a hankali. "Kamar yanzu aka sake shi daga hannu."

Malam ya rusuna wa allon, ya rufe shi da ƙyalle, ya ce mu tafi gida.

Tokiko ba ta daina zuwa ba. Yanzu ta fi ƙarfina nesa, har Malam sai ya yi da gaske. Ni dai na daina zama gabanta, don in tana tunani ba allon take kallo ba. Kunne take karkatawa wajen kafaɗarta kamar ana yi mata raɗa, ta gyaɗa kai, sannan ta sa dutse.