Ajin da Aka Kulle a Sito

"Ƙara ƙusa ɗaya a tagar nan," in ji hedimasta. "Yaran nan kamar ɓeraye suke, ko ramin allura suka samu sai sun leƙo."

Kafinta ya ƙara. Rumfarsa na jingine da katangar makarantar ta baya, shi ya sa kowane ɗan aiki shi ake kira. Yau sakata ya sa wa ƙofar sito, inda ake jibge karyayyun bencina da buhunan siminti. Masu duba makarantu ne za su zo, kuma hedimasta yana da tsarinsa: yaran da ba su iya karatu ba a tsince su daga kowane aji a ɓoye, saura a cika benci da su.

Aka taho da su a layi. Ta uku a layin autar kafinta ce, ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, har da tawa?"

"Taka ai ita ce shugabarsu. Sunanta ma a juye take rubuta shi. In kai ne mai shago, ruɓaɓɓen katako kake sa wa a gaba?"

A bayan layin tsohon malamin aji uku yake tafe, wanda yara ke kira Sannu-Sannu saboda ba ya wuce darasi sai na ƙarshen benci ya gane. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na kafinta, kuma tarin asmarsa ne ke tashin gidajen biyu da safe. Yau an ba wani saurayi mai zaƙin baki ajinsa.

"Maƙwabci," in ji tsohon yana murmushi, "ka ga an yi mini ƙarin girma. Duk makarantar nan ni kaɗai ke da ofis mai kwaɗo."

"Malam, ƙurar ciki fa?"

"Awa nawa ne? Ai gara ma, yau zan same su ba mai katse mu. 'Yarka ta kusa, wallahi. Harafi biyu ne kawai ke yi mata gardama."

Ya shafa aljihu, ya juya. "Abin shaƙata na bar shi a durowar aji."

"Ga motarsu can a kwana!" in ji hedimasta. Ya tura shi ciki da tafin hannu, ya leƙa ya ce wa yaran, "Wanda ya yi ko tari, ya san sauran." Ya datse kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce wa kafinta kada a ji ƙarar zarto yau.

Kafinta ya koma rumfa ya zauna hannu rabbana. Da yake sito na jikin katangar, ta cikinta yana jin muryar tsohon ƙasa-ƙasa, yara na maimaitawa da raɗa. Daga can gaba kuma ajujuwa na amsa tambaya baki ɗaya, ana tafi. Can sai tarin ya fara. Ya san tarin nan kamar yunwar cikinsa, amma na yau da wani fito a ƙarshensa, kamar ana jan ƙusa daga ɗanyen katako.

Ya zagaya ta ƙofar gaba. Baƙin na zaune a ofis, an jera musu lemo mai sanyi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa hedimasta alama da yatsu, alamar murɗa makulli.

"Yauwa, shigo!" Hedimasta ya kama kafaɗarsa, ya matse ta sosai. "Ga ɗaya daga cikin iyayen yara. Faɗa musu yadda kake ganin makarantarmu."

Wata mata mai tabarau ta ɗago biro tana jiransa. Kafinta ya dubi aljihun hedimasta, ya dubi bencinan da shi ake ba gyaransu duk zango.

"Makaranta sai godiya," ya ce. "Yara na ƙoƙari."

"Ka ji ko," in ji matar, ta rubuta.

Da ya dawo rumfa tarin ya tsaya. Ya ce a ransa, ya lafa ke nan. Sukundireban da ya ɗaura sakatar da shi yana nan kan teburinsa, kuma ya fi kowa sanin cewa minti ɗaya ya isa a kwance ta. Ya ɗauka, ya ajiye. In da matsala ai yara za su buga ƙofa. Yara ne fa, ba duwatsu ba. Da wannan ya rarrashi kansa har ya ji an tayar da mota.

Bai jira makulli ba, ya ruga da sukundireba ya kwance gefen sakatar. Da ƙofar ta buɗe zafi ya bugi fuskarsa. Yaran na zaune a ƙasa, sun jiƙe da gumi, kowa ya ɗora yatsa a leɓe. Tsohon na jingine da buhun siminti, bakinsa a buɗe, hularsa ta faɗo kan cinyarsa. Autar na riƙe da hannun rigarsa.

"Innalillahi! Malam! Malam!"

Hedimasta ya iso da gudu, ya leƙa, ya ja baya. "Rufe mini baki, motar ba ta fita ƙofar makaranta ba." Sai da ƙarar ta ɓace ya goge goshi ya ce, "A aji ya faɗi. Kowa ya ji ko? A bakin aikinsa, a aji. Kai kuma cire sakatar nan, kai ka sa ta."

Da yamma gidan maƙwabci ya cika da mutane, kukan matarsa na ƙetaro katanga. Kafinta ya sami autar a bayan ƙofar ɗaki. Tun rana ba ta ce uffan ba. Ya tsuguna.

"Auta, me ya sa ba ku buga ƙofa ba?"

"Mun tashi za mu buga. Ya ɗaga hannu ya ce mu zauna. Ya ce in aka ji mu za a ce ajinsa ne ya ba da kunya. Ko da ya daina motsi ba wanda ya yi magana, Baba. Ko ɗaya." Ta ɗago ido ta dube shi. "Mun yi daidai?"

Kafinta ya jawo bokiti, ya kama ƙafafunta, ya shiga wanke farar ƙurar simintin da ta bushe mata har gwiwa.