Zafin da ke Cikin Kofi

Duk ajin da Inna suke kiranta, har malamin, wanda da kaɗan ya girmi ɗanta na fari. Ta daɗe tana taimakon nas-nas a ɗakin yara na asibiti: canza zanen gado, goge amai, lallashin masu kuka, auna zazzaɓi. Yanzu ga ta a ajin share fage, cikin 'yan matan da ta haifi kamarsu, tana neman shiga makarantar koyon jinya. Bara gwajin haɗa sinadarai ne ya kayar da ita. Bana in ya sake kayar da ita, shekarunta sun wuce ƙa'ida, an rufe ƙofa ke nan.

Ranar gwajin, Malam ya tsaya a tsakiyar ɗakin gwaje-gwaje ya ce, "Kowa ya haɗa ruwan asid da ruwan soda a kofin soso mai murfi. In suka kashe kaifin juna za su saki zafi. Ku auna shi, ku lissafa nawa ne a kowane mol, wato ma'aunin yawan sinadari. Ba tambaya, ba leƙen maƙwabci."

Da Inna ta ga ma'aunin zafi a kan teburinta sai da ta yi murmushi. Yau an zo gidanta! Abin da take riƙewa tun waɗannan yaran suna rarrafe?

Ta auna sanyin ruwan biyu, ta juye su cikin kofin, ta rufe, ta motsa. Sai ta zare ma'aunin, ta ɗaga shi wajen hasken taga tana juya shi tsakanin yatsu, kamar yadda hannunta ya saba. Digiri huɗu ya ƙaru. Ta buga lissafi: nauyin ruwan sau huɗu da ɗigo biyu, sau ƙarin zafin, a raba da yawan mol. Ya ba ta kilojul talatin da huɗu na zafin da ya fita.

Ta sake duba lambar. An koya musu cewa asid mai ƙarfi da soda mai ƙarfi ba sa nisa da hamsin da bakwai. To ina sauran zafin ya shiga? Zuciya ta ce mata ta ɗan gyara lambar, wa zai sani. Ta tsani wannan tunani tun bai gama zuwa ba, don a ɗakin yara ta ga abin da ke faruwa in an rubuta zafin da ba a gani ba.

Ta mayar da ma'aunin cikin kofin, ta sake zarowa, wannan karon ta zuba masa ido. Jan zaren da ke cikin ma'aunin kuwa ya kama sulalewa ƙasa a gabanta, ko kunya babu. Ashe! Na asibiti yana da ɗan maƙogwaro da ke riƙe zafin jiki sai an girgiza shi. Wannan kuwa da ya sha iska ya manta da komai.

Ruwan da ya rage a kwalabenta na zubi ɗaya ne kacal. Ta wanke kofin, ta shanya, ta yi bisimilla ta juye. Ta soka ma'aunin ta hujin murfi ta bar shi a ciki, ita ta durƙusa har idonta ya yi daidai da shi. Gwiwoyinta suka yi ƙara, yarinyar da ke gefenta ta ƙunshe dariya. Zaren ya hau, ya hau, ya ɗan tsaya, sannan ya fara sauka. Ta kama shi a inda ya tsaya: ƙarin digiri shida da ɗigo bakwai. Lissafi ya ba ta hamsin da shida da 'yan kai. Ta sa alamar ragi a gaba, tunda zafin fita ya yi.

Malam ya zo karɓar takardu. Ya bi tata layi-layi, har da sakamakon farko da ta soke ta rubuta dalilinsa a gefe.

"Inna, gwiwa dai lafiya?"

"Malam, bar maganar gwiwa. Ka gaya mini, na ci ko na tafi gida?"

"Ba a yarda in faɗa ba," ya ce, yana daidaita takardun. Ya yi taku biyu, ya waiwayo, ya rage murya. "Amma da ni ne ke, da na fara cigiyar farin takalmin nas-nas."

Inna ta juya ta hau wanke kofin da ƙarfi, don kada yaran su ga hawayenta.